Mu Shiga Dajin Yamai Tun Yana Nan

Ɗan'uwa mai karatu, bari in fara da tambaya. Yaushe rabonka da ganin furen tafasa? Ba ganyenta da mata ke saidawa a kasuwar Katako ko ta Wadata nake nufi ba. Furen nake nufi, ɗan rawaya, bisa uwarsa, da raɓar safiya a jikinsa. In ka ce ka manta, ba kai kaɗai ba ne. Ni ma na yi shekara da shekaru a Yamai ban sa shi a ido ba, alhali tsakanin ƙofar gidana da inda yake fitowa bai fi tafiyar minti 20 ba.

Ba son furanni ya kai ni wurin ba, ciwo ne. Aikina na zama ne, tun safe har magariba. Wata rana kaina ya yi ta sara, na tafi likita. Aka ɗaura mini abin awo a dantse, aka ce jinina ya hau. Wanda ya duba ni yaro ne, bai wuce sa'an ɗana ba. Ya ce, "Baba, zan rubuta maka magani, amma rabin maganin yana ƙafarka. Ka rage gishiri, ka riƙa tafiya, in ka iya ka ɗan yi sassarfa." Na ce, "Yaro, ni da furfurata, mi zai sa in yi gudu ba wanda ya koro ni?" Ya yi dariya ya ce, "Ai an koro ka, Baba, ba ka waiwaya ba ne."

Maganar ta zauna mini a rai. Na fara zuwa babban filin wasa na Seyni Kunce, wanda aka buɗe a 1989, inda mutane ke zagaye safe da marece. Wurin ba laifi. Za ka ga soja, ka ga ɗan lakkwal, ka ga Alhaji yana haki da tumbinsa a gaba, ka ga mata da lulluɓinsu. Ƴan boko na ce wa abin "futin". Mu kuwa muna da sunansa tun kaka da kakanni: sassarfa, wato tsakanin tafiya da gudu. Sai dai filin ya yi mini nisa. Kuɗin taksi zuwa da dawowa kullum ba wasa ba ne, ga daɓe yana cin gwiwa. Rannan wata Bafillata mai kawo mana nono ta ji ina ƙorafi. Ta ce, "Malam, kuɗi kake biya don ka yi tafiya? Ga daji nan bayanku, ta ciki nake bi kullum."

Dajin da take nufi shi ne wanda ake ce wa Ceinture verte da Faransanci, wato koriyar ɗamara. An fara dasa shi a 1965, zamanin shugaba Diori Hamani. Lokacin Yamai ƙaramin gari ne, don a 1960 mutanensa ba su fi dubu 30 da ƴan kai ba. Aka tsara ɗamara ta itatuwa mai tsawon wajen kilomita 25, faɗinta wajen kilomita guda, wato hekta 2,500 ke nan. Aka so ta kewaye garin ta arewa da gabas, ta tare masa iska da ƙura da rairayi. Mafi yawan abin da aka dasa dogon yaro ne, wanda asalinsa icen Indiya ne, sai turare, wanda ya fito daga Ostareliya. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara nuna wa kowa darajar icce, aka ci gaba da dashe. Da yawa daga cikin waɗanda suka haƙa ramukan nan, suka yi jidon ruwa, sun riga mu gidan gaskiya. A ƙidayar 2012 mutanen Yamai sun haura miliyan guda. Gari ya yi ƙiba har ɗamara ta nutse cikin tumbi. Unguwanni sun tsallake ta, sun ci gaba.

Cikin watan Mayu na fara shiga, ana tsananin zafi. Ba abin gani sai busasshiyar ƙasa da baƙar leda. Na kusa fasawa. Sai ruwan fari ya sauka cikin Yuni. Bayan ƴan kwanaki ƙasa ta yi kore-kore kamar an barbaɗa mata garin lalle. Cikin na farko da suka yi fure akwai tsaida, tana shimfiɗe a ƙasa da ƙananan furanni rawaya. Kyakkyawa ce a ido, muguwa ce a ƙafa, don ƙayarta ce ke huda tayar keke. Sai gasaya da farin furenta mai siraran zare-zare. Ita tsofaffin mata ke fara tsinka, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsin bana kuwa bai nuna ba. Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da gasaya ta yi wa talaka.

Agusta kuwa ba a magana. Tafasa ta kai gwiwa, ta yi fure, da marece ta naɗe ganyenta kamar mai shirin barci. Ga yoɗo da furensa mai kama da ƴar ƙararrawa, fari da ratsin shunayya. Da shi ake miya mai yauƙi, da shi kuma iyayenmu mata ke wanke kai kafin sabulun kanti ya zo. Inda ruwa ke kwanciya, duman kada ya malala da manyan furanni masu buɗaɗɗen baki. In ka yi sa'a ka iske tabki, kana iya ganin bado fari fat, wanda ke buɗewa da dare ya rufe in rana ta ɗaga. Mai barcin safe ba ya ganinsa. Bagaruwa ta yi ƴan ƙwallaye rawaya masu ƙamshi, zuma na ta kai da kawo. Gawo kuwa, mai taurin kai, yana tsaye tsirara ba ganye ko ɗaya, don shi sai da rani yake sa rigarsa. Amma kar ka nemi waɗannan duka ƙarƙashin turare ko inda dogon yaro ya yi duhu. Inuwa ba ta barin su. Ka duba gefen hanya, da sarari, da bakin gonakin da ake nomawa tsakanin itatuwa.

Akwai wani fure da ya fi su duka kyau, ja-ja mai haske, yana fitowa gindin hatsi. Ranar da na fara ganinsa na tsaya ina yabawa. Mai gonar, wani dattijo, ya ɗago daga duƙe ya harare ni. Ya ce, "Malam, ɓarawona kake yabo?" Ashe ƙuduji ne, wanda waɗansu ke ce wa wuta-wuta. Na ji kunya, don ni ma ɗan manomi ne, zaman birni ya mantar da ni. Ƙuduji yana manne wa saiwar hatsi ne a ƙarƙashin ƙasa, ya riƙa tsotse ruwa da abinci tun kafin ya leƙo waje. Tushe guda yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Maganinsa a tuge shi kafin ya zuba iri, a fitar da shi daga gona. Tun daga ranar, in na gan shi bakin hanya, sai in duƙa in tuge. Likita bai sa wannan cikin takardarsa ba, amma shi ma motsa jiki ne.

Ƙarshen Satumba sai ƙarangiya ta karɓi gari, ta maƙale maka a wando, ka san biki ya tashi.

A ƙasashen Turai da Amurka furannin daji na fitowa ne bayan sanyi ya wuce, daga Maris zuwa Mayu. Can akan shata hanya ta musamman a karkara, mai zagaye, a tashi nan a dawo nan. Akan sa mata alama, a rubuta tsawonta, mutane su zo su yi tafiya ko sassarfa suna kallo. A Japan har labarai ake bayarwa na ranar da itatuwan ceri za su yi fure. A Afirka ta Kudu akwai wani busasshen yanki, Namakwaland, da ke rufewa da furanni cikin Agusta da Satumba, mutane su yi doguwar tafiya don su gani. Waɗansu masu fassara kan kira wancan lokaci na Turawa "bazara". Ni abin dariya yake ba ni. Bazararmu fa zafi ke wuce awo 40, ko ƙadangare inuwa yake nema. Namu lokacin furanni damina ce, kuma gajeruwa ce. Ruwan da Yamai ke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, mafi yawansa cikin Yuli da Agusta. Shi ya sa kowane tsiro sauri yake: ya fito, ya yi fure, ya zuba iri kafin ruwa ya ɗauke. In ka ce sai gobe, sai jibi, to sai baɗi.

Na san abin da wani zai ce: wannan zancen masu ƙoshi ne. Akwai gaskiya a ciki. Manomi ba ya bukatar sassarfa. Ɗan ga-ruwa ba ya bukata, haka mai dako, haka matar da ke daka tana ɗebo ruwa tana neman icce. Su hutu suke bukata da abinci. Amma ka ƙirga masu zama a unguwarku. Tela, mai tebur, direban taksi, ɗan kabu-kabu, mai gadi, ma'aikacin gwamnati, uwargidan da ba ta fita, da samarin fada da ke zaune tun hantsi suna jiran shayi na uku, sukari kamar a tsaida cokali. Waɗannan duka masu kuɗi ne? Hawan jini da ciwon sukari ba su tambayar albashi. Kakanninmu ba su yi futin ba domin rayuwarsu duka motsi ce, gona da ƙafa, rijiya da ƙafa, kasuwar ƙauye da ƙafa. Mu mun bar wannan, ba mu sa komi a madadinsa ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. In ka raba, minti 30 ne sau biyar. Bai kai lokacin da ake dafa shayi ba.

Wani kuma kunya ce ke hana shi, wai babba da gudu. To Alhaji, da ka je Makka, tsakanin Safa da Marwa, da ka iso koriyar alama mi ka yi? Ba sassarfa ba? Wa ya yi maka dariya? Ƴan kokowar da muke taruwa muna yi wa kirari tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, kana tsammani a tabarma suke samun numfashi? Kuma ba dole sai gudu ba. Tafiya da sauri, wadda za ta sa ka ɗan yi gumi, ta isa.

Saura magana mai nauyi, ita ce tsoro. Ba zan ɓoye maka ba, dajin nan ba aljanna ba ne. Akwai inda aka maida shi bola, juji bisa juji, hayaƙin leda na tashi. Akwai inda ya zama makewayi. Akwai lungunan da ƴan shaye-shaye ke fakewa, ana kuma jin labarin ƙwace. Ni ba na shiga bayan magariba, ba na kuma barin ɗiyata ta shiga ita kaɗai. Amma ka tambayi kanka, yaya aka yi ya zama haka? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanen kirki suka ƙaurace wa wurin, aka bar shi ga mai zubda shara da mai gatari da dare. Bayan su sai mai awon fili ya biyo. Yau a sare icce biyar, gobe a jibge bulo, jibi ka ga katanga da ƙofar ƙarfe. Haka aka yi ta gutsurar ɗamarar nan shekara da shekaru, har wani wurin in ba a faɗa maka ba, ba ka sanin daji ne a da.

Kowace ranar 3 ga Agusta muna dashen itatuwa, da kiɗa da jawabi da hoto. Madalla. Amma cikin Afrilu wa ke komawa ya ga ko dashen na da rai? Ga abin da nake gani, ɗan'uwa. Doka ita kaɗai ba ta tsaron daji, ma'aikatan gandun daji kuma ba su da ido dubu. Sawun mutane ke tsaronsa. Wurin da mutum ɗari biyu ke bi kowace safiya ba a kewaye shi da katanga cikin dare guda a yi shiru. Za a tambaya, za a kai magana gun mai unguwa, za a ji a rediyo. Wurin da ba mai bi kuwa, ko an saida shi sau uku ba wanda zai sani. Kuma mutum ba ya faɗa saboda abin da bai san sunansa ba. Wanda duk abin da ya gani "haki" ne a wurinsa, in an tura katafila ta share, ba abin da ya rasa.

Da can masu hali kan ƙetare gadar Kennedy, su wuce Harobanda, su hau duwatsun nan uku da ake ce wa Trois Sœurs su sha iska. Yanzu da matsalar tsaro ta addabi jihar Tilaberi, nisa da gari ya zama abin da sai an yi tunani. Ke nan ɗamarar nan ita ce ƴar karkarar da ta rage wa talakan Yamai, wadda zai kai da ƙafarsa ba tare da ya biya ko dala ba.

A nan ya kamata in yi adalci. Akwai mutane iri biyu da ba na so a ɗauke su abokan gaba. Na farko, magadan gonakin da aka dasa dajin a kansu. Da yawansu na cewa ƙasar kakanninsu ce, kuma ba a sallame su ba. Wannan magana ce da ya wajaba hukuma ta zauna ta kashe, don muddin mutum na ganin an danne masa hakki, dogon yaro ba ya ba shi tausayi. Na biyu, talakawan da ke zaune cikin bukkoki, waɗanda fari ko ambaliya ko tsadar haya ta koro. Ba su ne ke da kuɗin bulo da siminti ba. Masu noma tsakanin itatuwa kuwa, a ganina, su ne ma masu gadin wurin na gaskiya. Don haka in ka shiga, ka tuna kai baƙo ne. Ka yi sallama, ka ce sannu da aiki, ko ka ce "fofo" in Bazabarme ne. Kar ka taka shuka. In za ka ɗebi gasaya ko yoɗo, ka tsinki ganye, ka bar saiwa da fure don a samu iri.

Abin da nake roƙo ba babba ba ne, ba sai an jira wani proje daga waje ba. Kowace unguwa da ke bakin dajin ta fidda hanya guda mai zagaye, kilomita uku ko biyar, bisa turbar da shanu da jakai suka riga suka fasa. A nemi iznin mai unguwa da ma'aikatan gandun daji da masu gonaki. Samarin fada su kwashe leda, su kafa turaku, su shafa musu farar ƙasa don kar baƙo ya ɓata. Gindin kowane icce a sa ɗan allo da sunansa, da Hausa da Zabarmanci da Fillanci. Sunayen suna bakin tsofaffi, musamman mata. Kai da ka iya riƙe alƙalami, ka zauna gaban gyatumarka ko gwaggonka, ta faɗa kana rubutawa, har da abin da kowane ke magani. In suka tafi da sunayen nan, ba kantin da za ka sayo su.

In ka yi niyya, ka fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Ku zama uku ko huɗu, mata ma su haɗa tasu ƙungiya. Ka sa rufaffen takalmi saboda tsaida da kunama, ka tsaya bisa turba, kar ka kutsa cikin duhuwar haki, don damina lokacin maciji ne. Ka riƙe ruwan sha. Ka fara da minti 10 ko 15, ka riƙa ƙarawa sannu-sannu. In kana sassarfa har ba ka iya yi wa na kusa da kai magana, ka yi yawa, ka rage. In ƙirji ya yi ciwo ko jiri ya ɗebe ka, ka tsaya, ka nemi likita. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya yi shawara da likita tukuna, kuma kar ya ce ya fara tafiya ya bar shan magani. Ni har yau ina sha.

Daminar da ta wuce na tafi da jikata, ƴar shekara tara. Tana cin kwaɗon tafasa tun tana ƙarama, abin da maƙwabtanmu Zabarmawa ke ce wa kopto, amma da na nuna mata tafasa a tsaye sai ta ce, "Kaka, wannan ai haki ne." Na murje ganyen na kai mata hanci. Ta yi tsalle ta ce, "Wallahi ita ce!" Ranar ba mu yi sassarfar kirki ba, don kowane taki goma sai ta tsaya ta tambaya. Ta dawo gida da suna 11 a bayan littafinta na lakkwal, da ƙarangiya cike da zanenta, uwarta na ta faɗa.

Bana da ruwa ya sauka ta ce in kai ta ta gaida yoɗonta. Muka je muka iske an jibge bulo a wurin, an ja igiya, an haƙa ramin tushe. Ta tsaya ta duba, ba ta ce komi ba. Muka kewaya ta bayan ramin, muka sake turba. Zagayen da nake yi cikin minti 40 ya koma 35. Mun samu wani yoɗon can gaba kusa da gonar dattijon nan mai ƙuduji, ta ƙirga tushe bakwai, ta rubuta. Ran Asabar bayan asuba za mu koma, mu huɗu ne yanzu da maƙwabcina da ɗansa, ta bakin hanyar Filinge muke shiga.